Daga Nima zuwa Elmina a Motar Haya

Aiki ne ya kai ni Akara, na mako biyu, kuma tun kafin in bar Kano mahaifiyata ta ja mini kunne cewa ko da za a ba ni otal na zinariya, in tabbata na kwana a gidan Kawu a unguwar Nima. Kawu ƙaninta ne, amma shi a can ya girma, a hannun wani baffansu, har yau kuma idan zai faɗi sunan garin Ankara yake cewa, irin na tsofaffi. Ɗansa na uku taubashina ne, na girme shi da shekara shida, shi ya sa yake kirana Yaya amma ba ya raga mini ko kaɗan. Shi ne ya kawo shawarar mu ɗauki mota mu bi bakin teku ranar Asabar da Lahadi. Ya ce abin kunya ne mutum ya zo Gana ya koma bai ga komai ba sai ofis da kwanon tuwo.

Neman motar ya fi tafiyar cin rai. Masu ba da haya a Akara sun fi son su haɗa ka da direbansu, idan ka ce kai za ka tuƙa sai a fara yi maka kallon mai shirin gudu da ita Togo. Mun je wuri biyu aka ƙi, sai a na uku, inda mai wurin ya san Kawu, aka yarda. Ya karɓi fasfo ɗina ya ɗauki hotonsa, ya duba lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa da na yo daga gida, sannan ya nemi kuɗin ajiya wanda za a mayar mini idan na dawo da motar lafiya. Da waya ake biyan kusan komai a can, MoMo suke cewa, ni kuwa ba ni da layin Gana, don haka na ƙirga wa taubashina sidi a hannu shi kuma ya tura. Kafin mu ja motar na zagaye ta da waya ina ɗaukar kowane ƙarzo, na buɗe but na ga safaya da jak da sifana da abin kashe gobara, na danna safayar da babban yatsa na ji da iska. Taubashin yana ta dariya, wai Bakano ko aron tsintsiya zai yi sai ya ƙirga tsinkayenta. Washegari ya daina wannan dariyar.

Ranar Juma'a ce, saboda haka muka fara da babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021. Kana fitowa daga lungunan Nima masu kwata a tsakiya sai ka ga hasumiyoyi huɗu da ƙubbobi sun tashi gabanka kamar an ɗauko su daga Istambul an dire. A harabar masallacin Hausa ce ke tashi ta ko'ina, amma Hausar da ta sha ruwan wani wuri. Ba ruwansu da mace da namiji a magana, sai ka ji an ce mota ya lalace, Hajiya ya tafi kasuwa. Da farko kunnena ya riƙa tuntuɓe. Daga baya na lura mutumin da ke gefena Badagombe ne, na bayansa Bamoshe, wancan Bazabarme, kuma da wannan Hausar ce kaɗai suke jin juna, sai na bar gyara musu a zuciyata.

Bayan salla muka gangara Jamestown, tsohuwar unguwar mutanen Ga. A nan na fara ganin teku ido da ido, daga gindin doguwar hasumiyar nan mai ja da fari da ake kunna wa jiragen ruwa fitila. Ba shuɗi ba ne kamar na hoto, ruwan toka ne mai kumfa, ga ƙarni, ga ledoji da ya amayo a kan yashi. Abin da ya kama ni shi ne ƙararsa, wadda ba ta yankewa. Kusa da wurin akwai James Fort da Turawan Ingila suka gina a 1673, wanda daga baya ya zama gidan yari, har Kwame Nkrumah ya yi zama a cikinsa. Daga nan zuwa inda kabarinsa yake tafiya ce ta 'yan mintoci, a filin da ya tsaya ya shelanta 'yancin ƙasar a daren da ya wayi 6 ga Maris 1957. Mun shiga, mun ɗauki hoto, mun fito. Hankalina yana kan hanyar gobe.

Kawu ya ce duk wanda rana ta fito masa bai wuce Kasoa ba, to ya shirya yin hantsi a cikin mota. Saboda haka muna idar da asuba muka tashi, bayan mun tsaya a bakin layi mun sha koko da ƙosai. Kokon nan ko Asante da Fante sunan da suke kiransa da shi ke nan, Hausa koko, mai yaji da citta da kanumfari, ana zuba shi a leda a ƙulle. Ni na karɓi sitiyari. Gana ma hannun dama ake bi kamar mu, sun canza a 1974, shekara biyu bayan Najeriya, don haka babu wani sabon abu sai 'yan tiro-tiro, ƙananan bas-bas ɗinsu na haya, waɗanda ke tsayawa a duk inda fasinja ya ɗaga yatsa.

Mun bi babbar hanyar N1 muka nufi yamma. Mun wuce wata mahaɗa da ake kira Mallam, na ce wa taubashina wannan kam ba sai an fassara mini ba. Ya ce in jira, akwai wadda ta fi ta a gaba. Kasoa ashe kasuwa ce, kalmar tamu ce bakin mutanen wurin ya lanƙwasa, saboda 'yan kasuwar arewa da suka kafa ciniki a nan har sunan ya danne na asali. Yanzu gari ne da ya kumbura ya haɗe da Akara, ga gadar sama, ga masu talla suna bin motoci da burodi da ruwan leda da soyayyen ayaba a ka. Duk sammakon da muka yi sai da muka ɗan tsaya. Ni kuwa ina zaune a cunkoso ina jin daɗi, ina lissafa wa taubashina: Kasoa tamu, koko namu, wancan waakye da suke alfahari da shi shinkafa da wake ne, tuo zaafi tuwon zafi ne, zongo, unguwannin baƙi 'yan arewa, zango ne. Na ce masa ai mu muka ciyar da ƙasar nan. Ya ce, "Yaya, to ka ciyar da motar ma, ga gidan mai can."

Daga Kasoa hanya ta koma ɗaya, masu tafiya da masu dawowa, kuma a nan ne tuƙin ya zama aiki. Kowane ƙauye akwai tudun rage gudu a jere, wasu ba fenti, sai ka ji ƙasan mota ya gurzu. Manyan motoci suna rarrafe, 'yan bas suna wuce su a kwana ba tare da sun ga gabansu ba. Shingen 'yan sanda biyu muka tarar. A na farko aka ɗaga mana hannu mu wuce, a na biyu aka duba lasisi da takardar inshora da ke manne a gilashi, aka tambaye ni daga ina, na ce Kano, jami'in ya ce "sannu, aboki" ya miƙo mini takarduna.

Asabar ranar jana'iza ce a kudancin Gana. Ban san haka ba sai da na ga an kakkafa rumfuna a gari bayan gari, mutane sanye da baƙi da ja, wasu fari da baƙi idan mamacin ya tsufa sosai, ga manyan lasifiku, ga hoton mamaci a allo kamar ɗan takara. Gawa takan yi makonni ko watanni a firij kafin dangi su gama shiri. Mu da muke binnewa kafin la'asar, abin ya yi mini nauyi a ido. Taubashina ya ce su ma haka suke mamakinmu, wai muna gaggawar rabuwa da mutum kamar muna jin haushinsa.

Bayan mahaɗar Winneba, kafin Mankessim, motar ta fara ja gefe ɗaya. Na sauka daga kwalta na tarar tayar baya ta kwanta, ƙusa ta shige har kai. Mintoci ashirin muka yi muka sa safaya, ni ina kwance a ƙasa shi yana miƙo sifana, bakinsa shiru. A Mankessim muka sami mai faci a ƙarƙashin wata bishiya, yaro matashi, ya tsoma tayar a rabin duro na ruwa yana juyawa har kumfa ta nuna masa ramin. Ko da ya ji muna magana sai ya amsa da Hausa, ashe daga Bawku yake. Ya ƙi faɗin kuɗi, ya ce mu ba shi abin da ya sauwaƙa, wanda kowa ya san ya fi tsada.

Daga Saltpond teku ya fito sosai a hannun hagu, yana ɓuya a bayan bishiyoyin kwakwa yana sake bayyana. A Abandze akwai wani tsohon sansanin Turawa a kan tudu, a Anomabo akwai wani. Sai a nan na gane cewa ba gini ɗaya ko biyu ba ne, jere suke a gaɓar nan kamar tashoshin mota, na Fotugal da Holan da Ingila da Denmak, kowa da wurin lodinsa. A Yamoransa mata sun jera dokunu, tuwon masararsu, a tebura, tulin curi-curi a naɗe da ganye, muka saya don dare. Nisan duka bai fi kilomita 150 ba, amma sai da muka ci kusan awa huɗu da facin taya.

Cape Coast ita ce hedikwatar Turawan Ingila a ƙasar har 1877 da suka koma Akara. Mun ajiye kaya a wani ƙaramin masauki, muka yi azahar a masallacin zango kusa da kasuwar Kotokuraba, sannan muka nufi sansanin Turawan da aka riƙa tsare bayi a ciki. Fari ne tas, a kan dutse, igiyar ruwa tana dukan gindinsa, ga igwa a jere suna kallon teku. Mutanen Suwidin suka fara gini a wurin a 1653, ya yi ta canza hannu har ya zauna wurin Ingila. A ƙofa ake yankar tikiti, kuɗin baƙo daban da na ɗan ƙasa, sai a tara ku rukuni a haɗa ku da mai jagora. A rukuninmu akwai 'yan makaranta, da wasu Turawa biyu, da mata huɗu baƙaƙen fata daga Amurka.

Kurkukun maza a ƙarƙashin ƙasa yake. Ana gangarawa ta wani rami mai santsi, haske yana raguwa, har ka isa ɗakunan dutse da ba su da taga sai 'yan huji can sama. Mai jagora ya ce mu dubi ƙasa. Na ɗauka daɓe ne. Ya ce tubali ne a ƙasa, abin da muke takawa a kansa kashi ne da jini da amai na mutanen da aka tsare, wanda ya taru ya daskare tsawon shekaru, kuma ya nuna mana wani gefe da aka kankare don a ga bambanci. Sannan ya kashe fitila. Bai fi minti ɗaya ba, mu kusan ashirin, amma na ji numfashin kowa, zufa ta jiƙa mini riga, wani wari mai sanyi ya cika mini hanci. Ya ce a nan mutane sukan yi makonni, wani lokaci watanni, suna jiran jirgi. Da muka fito ya nuna mana ɗakin da ke daidai saman ramin: coci ne, a nan Turawan suke ibadarsu ranar Lahadi.

Ɗaya daga cikin matan Amurkan ta tambaye shi daga ina ake kawo mutanen. Ya ce da yawa daga arewa, ana koro su a ƙasa ɗaruruwan kilomitoci, a tsaya da su a rafin Assin Manso a yi musu wankan ƙarshe kafin a iso gaɓa. Ya ambaci kasuwannin da ake sayen su, ya ce Salaga.

Salaga, kasuwar ƙasar Gwanja, suna ne da aka sani a gidanmu. Tun ina yaro nake jin cewa kakan kakanmu falke ne, yana zuwa Gwanja sayen goro, watanni a hanya da jakuna, kuma dalilin da ya sa muke da dangi a Gana ke nan. Da fahariya ake ba da labarin. Abin da ban taɓa tambaya ba shi ne da me ake sayen goron. Na san fatake suna kai kanwa da tufafi da fatu da dabbobi. Na kuma san, don na karanta, cewa ayarin Gwanja yakan haɗa da bayi, kuma Salaga babbar kasuwarsu ce. Sanin yana nan a kaina tuntuni, a ɗaki daban da labarin kakanmu, ban taɓa buɗe ƙofar da ke tsakaninsu ba sai a tsakar gidan nan, ina tsaye kusa da matar da ke share hawaye da gefen mayafinta.

Nan take na shiga lissafi, kamar mai neman shaida a kotu. Ingila ta haramta cinikin bayi ta teku a 1807. Kakan kakanmu, idan na ƙirga daga shekarun Kawu, sai wajen 1870 ko 1880 zai yi fatauci, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa Salaga 'yan kasuwa su bazu Kete Krachi da Kumasi da Akara. Ke nan babu wanda ya bi ta hannunsa ya zo wannan ramin. Na ji sanyi na ɗan lokaci. Amma lissafin teku kawai ya wanke, bai wanke kasuwa ba, domin bayan jiragen sun daina zuwa an ci gaba da sayar da mutane a Salaga, Asante suna saye suna kai su gona da dako. Da muka isa ƙofar da ake fita da su zuwa kwalekwale, wadda aka rubuta wa cewa daga ita ba dawowa, na fita tare da kowa. A waje masunta ne suke gyaran koma, yara suna buga ƙwallo a yashi, babu wanda ya ɗago ya dube mu.

Da dare muka zauna a bakin ruwa muka ci dokunun da soyayyen kifi da shito, baƙin yajin nan nasu mai ɗanɗanon busasshen kifi. Dokunu yana da tsami, kamar tuwon da aka yi da gasara, loma uku na farko sai da na daure, daga nan hannu ya saba. Na gaya wa taubashina abin da ke raina. Ya ce shi a makaranta an kawo su nan suna aji shida, kuma 'yan ajinsu sun riƙa tsokanar yaran zango cewa ku ne aka sayar, wasu kuma su ce ku ne kuka sayar. Na ce to wanne ne? Ya ce, "Yaya, zango fa kowa da kowa ne." Ya ci gaba da cire ƙayar kifinsa.

Lahadi da safe muka ƙarasa Elmina, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba, hanya tana bin gaɓa da kwakwa a jere. Wannan ya fi na jiya tsufa nesa ba kusa ba. Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, zinariya suka zo nema da farko. Mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637 bayan sun hau tudun da ke fuskantarsa sun yi masa ruwan igwa, sannan suka miƙa wa Ingila a 1872. Daga kan gadar da ke gabansa kana ganin tafkin Benya cike maƙil da kwalekwale masu fenti kala-kala, kowanne da tutoci da sunansa a jiki, wasu ayar Baibul, wasu sunan ƙungiyar ƙwallo. An ce mana ranar Talata ba a shiga teku, hutunsa ne.

A ciki an nuna mana tsakar gidan mata, da barandar da gwamna yake tsayawa ya zaɓi wadda za a hauro masa da ita ta wani tsani na katako. An nuna mana ɗakin da aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya bayan an kama shi a 1896, kafin a kai shi Saliyo, daga can tsibiran Seshel. A nan ma mun sake cin karo da kanmu. Rundunar da Ingila ta yaƙi Asante da ita a 1873 zuwa 1874 akwai sojojin da ake kira Hausa a cikinta, irin waɗanda wani Baturen Ingila mai suna Glover ya fara ɗauka a Legas tun 1863, kuma da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayen gijinsu. Wasu daga cikin tsofaffin zangunan bakin teku da irin waɗannan sojoji suka fara cika. Ƙofar fita ta Elmina siririya ce ƙwarai, sai mutum ɗaya a karkace. Na gwada kafaɗata a jikinta ban shige ba.

Mun so mu biya dajin Kakum mu hau gadar igiyar nan da ke rataye a saman bishiyoyi, amma mai motar ya ce a mayar masa da ita ƙarfe shida na yamma, kuma kowa ya san yadda Kasoa take ranar Lahadi idan masu jana'iza suna komawa gida. Muka juya da azahar. Taubashina ya karɓi tuƙi, ni na yi barci har Winneba. A Kasoa muka yi awa ɗaya da rabi muna tafiyar hawainiya, wannan karon ban yi wa kowa lissafin kalmomi ba. Mun cika tanki kamar yadda muka karɓa, mai motar ya zagaya ya nuna wani ƙarzo a ƙofar baya, na buɗe waya na nuna masa hoton ranar Juma'a, ya yi murmushi ya mayar da kuɗin ajiya cif.

Kawu yana zaune a ƙofar gida bayan isha'i, da rediyo a gefensa. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye masa sauran dokunu da kifi mai banda da muka sayo a Elmina. Ya tambayi hanya, ya tambayi teku, ya yi dariyar labarin taya. Sai na ce, "Kawu, shi kakan naku da yake zuwa Salaga, ban da goro, me yake saye da sayarwa?"

Ya rage muryar rediyo. Ya ɗan jima yana kallon layi, sannan ya ce shi dai goro ya ji ana faɗa. Ya ce amma akwai wata tsohuwa a gidan baffansu lokacin yana yaro, mai tsage a fuska irin wanda ba namu ba, kowa yana ce mata Iya, ita ke yi musu wanka, kuma bai taɓa jin an ambaci garinsu ko wani nata ya zo gaishe ta ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro goro fari, ya ɓare shi biyu, ya miƙo mini rabi, ya ce in shiga ciki matarsa ta ajiye mana tuwo tun magariba.